Manomi, Mai Injin Katako, Dattijon Coci: Rayuwar da Nazarin Hausa Bai Rubuta ba a Kudancin Kano

Duk wanda ya leƙa kundayen neman digiri da ke jibge a sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu zai tarar taken nan na "Rayuwa da Ayyukan Wane" ya maimaitu har mutum ya gaji da ƙirgawa. Wanen nan kuwa kusan kullum basarake ne, ko malami, ko makaɗi, ko marubuci. Jefi-jefi attajiri ko ɗan siyasa kan samu shiga. Babu mai ja da cancantar waɗannan mutane. Shata ya isa a rubuta masa babban littafi, an kuwa rubuta a 2006, haka nan aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a kan makaɗa da mawaƙan Hausa taska ce. Abin dubawa shi ne, ƙofar shiga wannan fanni na tarihin rayuwa ta zama ƙofar fada: sai mai rawani ko mai kirari ke wucewa.

Akwai wani irin mutum da ake samu a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, tun daga ƙasar Ƙiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa. Da damina manomi ne, yana noma masara da dawa da shinkafa, yana da shanun huɗa. Da rani injinsa na tsaga katako ne ke ci da shi, yana da yaran aiki, kafintocin garuruwan kusa suna karɓar kaya a hannunsa bashi. Ranar Lahadi kuma shi ne dattijon ikilisiya a wata 'yar majami'a mai rufin kwano, wanda in fasto bai zo ba shi zai ja sujada, shi zai ƙirga baiko, shi za a kai wa ƙarar ma'aurata. Bahaushe ne gaba da baya, ba shi da wani harshe sai Hausa, kakanninsa Maguzawa ne. Ra'ayina shi ne rayuwar wannan mutum aikin manazartan Hausa ce, cewa barin ta da muka yi ba hatsari ba ne, tsarin karatunmu ne ya haifar da shi, kuma lokacin da ya rage na ɗaukar ta daga bakin masu ita kaɗan ne.

A wasu ƙasashen irin wannan mutum bai ɓace a takarda ba. A Amurka, daga shekarun 1870 zuwa farkon ƙarni na 20, an yi yayin buga manyan littattafai na tarihin gundumomi, kowanne da ɗaruruwan gajerun tarihin mutanen karkara. A ciki ake cin karo da manomin da ya kafa injin tsaga katako a bakin rafi, ya kuma zama jagoran aji a cocin Methodist. Wannan muƙami na jagoran aji ya samo asali ne tun 1742 a birnin Bristol na Ingila, sa'ad da John Wesley da mutanensa suka rarraba mabiya ƙungiya-ƙungiya, mutum kamar goma sha biyu-biyu, aka ɗora wani daga cikinsu wanda ba limamin coci ba ne ya riƙa bibiyar halin da suke ciki kowane mako. Ta haka coci ya rayu a ƙauyukan da mai wa'azi ba ya zuwa sai bayan makonni. Waɗancan littattafai suna da babban aibi, domin galibi mai tarihin ne ke biyan kuɗi a saka shi, don haka yabo ne zalla. Duk da haka, jikokin wannan manomi a yau sun san shekarar da ya sayi gonarsa, da inda injinsa yake, da sunan cocin da ya yi wa rufi. Masana tarihin tattalin arziki suna tace yabon, su kwashi abin da ya rage.

A kudancin Kano ba Methodist ne suka yi shuka ba. Sun sauka Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, amma a manyan biranen Arewa galibi cocinsu ya biyo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu ne zuwa unguwannin Sabon Gari. Cocin karkarar Kano na ECWA ne, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, da na Angilikan, da Katolika, da Baftis. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, sai a shekarun 1930 aka sassauta, SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a wurare irin su Yadakunya, daga nan tashoshi suka bazu cikin ƙauyukan Maguzawa. Ɗarika ta bambanta, amma matsayin mutumin ɗaya ne: inda fasto ɗaya ke yawo tsakanin ƙauyuka, wani manomi ne ke riƙe da jama'a.

Me ya sa ba mu gan shi ba? Dalili na farko yana cikin yadda muka kasa fannin al'ada. Darasin sana'o'in gargajiya ya san masassaƙi da gizagonsa, ya san turmi da taɓarya da akushi da ƙota, ɗalibai sun rubuta a kansu har sun ƙoshi. Mai injin katako kuwa ba ya cikin jerin, tun da inji ba gargajiya ba ne. Sashen tattalin arziki ma ba ya kula shi, domin ba masana'anta ce da shi ba. Sana'ar da ta shafe shekaru da dama tana ciyar da gidaje, wadda ta sauya fasalin ɗakin Bahaushe daga azara da jinka zuwa katako da kwano, sai ta faɗa tsakanin kujeru biyu na ilimi. Ko kalmominta ba mu tattara ba: yadda ma'aunin katako na Ingilishi ya koma tu-bai-tu da tu-bai-fo a bakin kafinta, yadda ake rarrabe gungume da falanki, yadda ake kiran kowane ɓangare na injin, da zaurancen ciniki tsakanin mai inji da direban da zai kai kaya 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma gara a faɗe shi a fili. Mun gaji wani zato cewa Bahaushe iri biyu ne: Musulmi, wanda shi ne na yanzu, da Bamaguje, wanda shi ne na da. Bamaguje ya samu gurbi a karatunmu a matsayin madubin abin da ya wuce, shi ya sa kundayen da ke kan bori da tsafi da bikin buɗar dawa suke da yawa. Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa ya fito a 1946, kuma har yau shi muke jawowa. Jerome Barkow da Murray Last sun biyo baya a ƙasar Zazzau da ta Malumfashi. To, jikokin mutanen da Greenberg ya yi hira da su fa? Wasu sun musulunta, sun shige cikin babban kogi. Wasu sun zama Kirista, suna kiran kansu Masihiyawa, kuma daga ranar da suka yi haka sai suka fita daga madubinmu, tun da ba su zauna a "da" ba, ba su kuma shiga "yanzu" irin wadda muka tsara ba. Littattafai biyu mafi girma a kan Kiristocin ƙasar Hausa, na Barbara Cooper a kan Maraɗi a 2006 da na Shobana Shankar a kan Arewacin Nijeriya a 2014, duk da Ingilishi aka rubuta su, kuma a jami'o'in Amurka. Wannan abin a yi mana tsiya da shi ne.

Abin mamaki kuma, tarihin rayuwa cikin Hausar boko da irin wannan mutum ya soma. Dorugu, yaron da aka kama bawa aka 'yanta, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya zauna da J. F. Schön ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ba basarake ba ne, ba malami ba ne, an kuma yi masa baftisma. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, tsohuwa ce 'yar karkarar kudancin Kano ɗin nan, ba ta da sarauta ko dukiya, amma littafinta ya fi tarihin sarakuna da yawa gaya mana yadda aka rayu. Ke nan hanyar a share take tun tuni. Mu ne muka bar ciyawa ta rufe ta.

Yanzu a duba abin da mutum ɗaya irin wannan ya gani da idonsa. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Ruwa ya ci gonaki da kufai da maƙabartu, aka tayar da mutane aka sake musu matsuguni, yayin da amfanin ruwan ya gangara arewa zuwa filayen noman rani na Kadawa da Kura. A 1976 aka kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma sake fasalin ƙananan hukumomi. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta mayar da filaye ƙarƙashin gwamna. Duk waɗannan muna da su a rahotannin hukuma da lissafin injiniyoyi. Abin da ba mu da shi shi ne yadda suka sauka a tsakar gida: wane ne ya karɓi diyya, maigida ko 'ya'yansa? Gandun da ya haɗa uba da 'ya'ya da jikoki a gona ɗaya, tashin ne ya wargaza shi ko makaranta ko sabon addini? Sa'ad da aka tashi ƙauye, ina aka kai abin tsafin gida, wa kuma ya ce a bar shi a ruwa?

Akwai tambayar jari, wadda a ganina ita ce zuciyar batun. Murray Last ya yi rubutu a 1979 a kan alaƙar tattalin arziki da musuluntar Maguzawa, ya nuna cewa sauya addini da sauya hanyar neman abinci sukan tafi tare. Gidan Bamaguje yakan kashe hatsi mai yawa a giya da bukukuwa, kuma wannan ba almubazzaranci ba ne a tsarinsu, hanya ce ta tara hannun gayya da riƙe zumunci. Cocin ECWA ya hana giya. Mutumin da ya daina dafa dawarsa ya zama yana da rarar da ubansa ba shi da ita, ya kuma rasa wani ɓangare na gayyar da ubansa ke samu. Ina rarar ta tafi? Kuɗin makarantar 'ya'ya, ko shanun huɗa, ko injin niƙa, ko injin katako? Da me ya maye gurbin gayyar, da ƙwadago ko da matasan coci? Ba na cewa addini ne ya sayi inji. Maƙwabcinsa da ya musulunta ya bi kusan irin wannan hanya, kuma shi ya sami ƙofar fatauci da amanar 'yan kasuwar birni cikin sauƙin da Kirista bai samu ba. Kwatanta waɗannan 'yan uwa biyu, waɗanda sau da yawa uwa ɗaya ta haife su, zai koya mana abin da babu littafin da ya koya mana tukuna. Amsar kuwa ba ta cikin ra'in wani Bature. Tana cikin littafin bashin mai injin da bakin matarsa.

Sai maganar itace, wadda ita ce za ta hana aikin zama kirari. Kudancin Kano shi ne inda jihar take da sauran daji. Dajin Falgore, wanda Turawa suka keɓe a matsayin gandun daji aka kuma mayar da shi wurin kare namun daji daga baya, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A wannan shiyya ake samun maɗaci da doka da maje da kawo da ƙirya da madobiya. Madobiya ita ce itacen da kasuwar Sin ta yi wa rubdugu a Afirka ta Yamma har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017. Mai injin ƙauye ba shi ne ke loda kwantena zuwa Legas ba, amma ba za a wanke shi tas ba. Maɗacin da ya shekara ɗari yana tsaye, inji kan kwantar da shi kafin azahar. Da katakonsa aka yi bencin coci, da shi aka yi ƙofar masallaci da kujerun firamare, kuma inuwar da ta tafi ba ta dawo ba. Mai rubuta tarihin wannan mutum dole ya tambaye shi yadda yake samun izinin sara, da yadda suke ƙarewa da malaman daji, da abin da yake biyan mai gonar da itacen ke ciki, da kuma ko ya taɓa dasa ko ɗaya.

A nan ne addini da sana'a suke haɗuwa ta inda ba a zata ba. Maguzawa sun ɗauki wasu itatuwa, musamman tsamiya da kuka, a matsayin mazaunin iskoki, kuma akwai kurmi da tushen itacen da ba a kai wa gatari. Tsoron nan, ko mene ne hukuncinsa a wurin malami ko fasto, ya tsare itatuwa. Sa'ad da gida ya bar tsafi, ko ta hanyar Musulunci ko ta Kiristanci, wa ya fara ɗora ƙarfe a kan itacen da kakanni ke yi wa yanka? An sare shi ne don nuna cewa an rabu da iskoki, ko don kuɗi, ko an bar shi ana kewaye shi har yau ba tare da an faɗi dalili ba? Dattijon coci mai injin katako shi ne mutumin da ya fi kowa sanin amsar, domin shi aka kira ranar da za a yi.

Masu nazarin harshe ma suna da rabonsu. Hausar coci karin magana ce mai zaman kanta wadda ta tsiro daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, ta kuma ɗebi kalmominta daga rumbun da Musulunci ya riga ya cika. Sujada a bakinsu ba sa goshi a ƙasa kaɗai ba ce, dukan taron ibada ne. Almajiri shi ne mabiyin Yesu Almasihu. Akwai baiko, da bishara, da ikilisiya, da zumunta, kowace da ma'anar da ta ɗan goce daga ta kasuwa. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda har gobe muke tinƙaho da shi, ɗan mishan ne ya haɗa shi. Yadda dattijon ƙauye, wanda karatunsa bai wuce ajin yaƙi da jahilci ko makarantar Lahadi ba, yake wa'azi da karin harshen garinsu, yana saƙa karin maganar noma cikin nassi, adabin baka ne kamar kowane. Waƙoƙin Zumuntar Mata, da tulu da kacau-kacau da amshi irin na dandali, sun cancanci irin kulawar da muka ba waƙoƙin amada.

Za a ce batun yana da ƙaiƙayi, gara a bar kaza cikin gashinta. Gaskiya ne akwai tabo. A watan Satumba na 2007 an yi tarzoma a Tudun Wada, aka rasa rayuka, aka ƙona coci-coci. Amma wannan hujja ce ta a yi aikin, ba ta a bar shi ba. Inda masana suka yi shiru, masu neman faɗa ne ke rubuta tarihi, kowane ɓangare da nasa jerin zalunci. Rayuwar mutum ɗaya in aka bi ta daki-daki ba ta yarda da wannan rabo. Yaran injinsa Musulmi ne da Kirista. Dagacin da yake kai wa gaisuwa Musulmi ne. Ƙanwarsa tana aure a gidan liman, yana aika mata da masara da kaka, tana aiko masa da naman layya. Haka kuma zai faɗi ranar da aka hana shi filin gina coci, ko aka tsallake ɗansa a wajen ɗaukar aiki, in har hakan ta faru da shi. Duka biyun gaskiyarsa ce, kuma manazarci ba shi da izinin zaɓar wadda ta yi masa daɗi. Akwai kuma darasi na zahiri a cikin wutar 2007: rajistar baftisma da ta aure da littafin baiko na cocin ƙauye kwafi ɗaya ne, a cikin akwati ɗaya.

Za a kuma ce ai wannan aikin coci ne. Akwai ƙamusun tarihin Kiristocin Afirka da aka soma tattarawa a 1995, yana kan intanet, ya kuma yi ƙoƙari. Sai dai manufarsa shaidar bangaskiya ce, mafi yawan waɗanda ke ciki ma'aikatan coci ne, kuma ba da Hausa yake magana ba. Abin da coci zai rubuta game da dattijonsa jawabin jana'iza ne, kamar yadda almajirai ke rubuta manaƙibar shehinsu. Ba zai tambayi kuɗin gungume ba. Mai cewa manomi Musulmi mai injin niƙa da ke limancin masallacin unguwa shi ma ba a rubuta shi ba, ya yi gaskiya, kuma a rubuta shi. Bambancin shi ne, shi wannan ba a taɓa shakkar Hausancinsa ba.

Yadda za a yi aikin ba sabon abu ba ne, illa dai a kiyaye wasu kurakurai da suka zama mana jiki. Kada ɗalibi ya je da takardar tambayoyi ashirin ya dawo da yamma. Mary Smith makonni ta shafe tana zama da Baba. A ɗauki murya, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada a goge karin harshen mutum da sunan daidaitacciyar Hausa, domin rabin amfanin yana cikin abin da ake gogewa. A nemi izininsa a fili, a sakaya suna da ƙauye in ya buƙaci haka, tun da shi zai ci gaba da kwana a garin bayan an ba ɗalibi digiri. A zauna da matarsa ita kaɗai, domin matan gidajen da suka fito daga Maguzanci suna noma, suna da gayaunarsu da rumbunsu, kuma ba mamaki a tarar da kuɗinta a cikin injin. A ɗauki hoton takardun coci da na ciniki a ajiye kwafi a jami'a. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Wa zai je? A sassanmu akwai ɗalibai 'yan waɗannan ƙauyuka, waɗanda sau da yawa ake ba su batun bori ko camfi don an ji daga inda suka fito. Su ne suka fi dacewa, kuma zai fi kyau a haɗa kowannensu da abokin karatu Musulmi, ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya yi tambayar da ɗan gida zai ji nauyin yi. Tiga ba ta fi tafiyar kilomita 70 daga Kano ba. Rani ne lokacin da ya dace, bayan an kai amfani gida, sa'ad da inji ke aiki ana iya ganin sana'ar da ido. Saurayin da yake da shekara 25 ranar da aka rufe bakin kogin Kano a 1974 ya haye saba'in da biyar yanzu, kuma waɗanda suka girme shi, da suka san gandu kafin ruwa ya zo, saura ɗaiɗai ne a kowane ƙauye.